Injin da Aka Ce Ba a Taɓa Buɗewa Ba

Da sunan Wanda ya ba mu aron rai, kuma yake karɓar abinsa ranar da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Malam liman, wanda ya sallaci ɗan'uwanmu, dattawan unguwa, shugaban ƙungiyar kanikawa da mutanensa, babbar jami'ar asibitin unguwa, babanmu, yayan marigayi, da ya tako da sandarsa duk da ciwon ƙafa, Hajiya, uwar gida kuma uwar garejin nan, 'yata Injiniya, 'yar marigayi, da ƙannenta, shugaban majalisarmu ta masu son mota da 'yan zaman Asabar, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Da aka ce ni zan yi magana a madadin abokan marigayi, na ji wasu suna dariya ƙasa-ƙasa, kuma ban ga laifinsu ba. Shekara ashirin ban taɓa yarda da maganar mutumin nan ba, shi ma bai taɓa yarda da tawa ba. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni tsohon malamin kimiyya ne, na ajiye alli, na riƙe sifana don sha'awa kawai. Shi kuwa bakanike ne na gaske, wannan filin da kuke zaune garejinsa ne. Ramin da yake shiga ya duba ƙarƙashin mota, ga shi can an rufe shi da katako an jera kujeru a kai. Masu zama a wurin, ku rage motsi.

Sunan da duniya ta san shi da shi Dubu Uku. Ya samo shi ne daga wa'azinsa guda ɗaya da ba ya canzawa: duk kilomita dubu uku, a yi wa mota juye, a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. Ni kuma ya raɗa mini Sai Baɗi, don ina zuba man sintetik, wannan mai tsadar da ake haɗawa a masana'anta, in ce ba ni da sauran magana da juye sai shekara ta zagayo. Sunan ya bi ni har jikokina suna kirana da shi.

Kafin in yi nisa, bari in faɗi abin da ya hana ni barci. Ranar Asabar mai zuwa majalisarmu ta shirya yanke hukunci a kan wata tsohuwar gardama tsakanina da marigayi, kuma kowa ya san hukuncin da za a yanke: za a ce shi ya faɗi. Shugaban majalisa, ina roƙon kada a rubuta komai sai an ji ƙarshen maganata. Amma bari in fara da mutumin.

Ya kasance mai jin injin da kunne kafin ya taɓa shi da hannu. Mota za ta shigo ƙofar nan, yana can zaune da kofin shayinsa, bai ko ɗago kai ba zai ce, “Wannan ta kwana biyu ba ta ga sabon mai ba.” Mai motar ya fara rantsuwa. Sai ya tashi, ya zaro gejin auna mai, ya murza man tsakanin yatsa biyu, ya shinshina, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda ya miƙa masa. “Rantse wa wannan,” in ji shi. Ban taɓa ganin wanda ya ƙara magana ba.

Ya kasance mai huda galan. Baƙo zai ɗauka taɓin hankali ne. Duk galan ɗin man da aka juye a garejin nan, sai ya ɗauki sukundireba ya caka masa a ciki sau uku kafin a jefar. Dalilinsa shi ne akwai marasa tsoron Allah da ke tsintar galan mai kyau, su tace konannen mai su ɗura, su liƙe marfi, su sayar wa talaka a matsayin sabo. Ya ce ba zai iya kama su ba, amma ba za su yi sata da galan ɗin da ya bi ta hannunsa ba. Yau kanikawan layin nan duka suna hudawa, wasu ma ba su san wanda ya fara ba.

Ya kasance ba ya zubar da tsohon mai a kwata. Durom yake tarawa, don ya ce ruwan da ya bi kwata gidan wani zai je. Ya kasance shi ke duba motar ɗaukar marasa lafiya ta asibitin unguwarmu, shekara goma sha ɗaya, kuma jami'ar asibitin tana nan, ta san bai taɓa yarda a yi masa maganar ladan hannu ba. Abin da kawai yake nema shi ne direban ya kawo ta a kan lokaci. In ya makara, har asibitin yake bin sa, ya tsaya a bakin ƙofa da galan a hannu kamar mai jiran ganin likita.

Ya kasance mai taurin kai. Wannan ma sai mun faɗa, don in muka ɓoye shi da kansa ba zai gane wanda ake yabo ba. Hajiya, ke kin fi mu sani. Ni dai Asabar kawai nake shan nawa.

Zamanmu na Asabar a ƙarƙashin rumfar can yake, daga hantsi zuwa azahar. Mu goma sha wani abu ne: akwai mai kantin taya, akwai direban babbar mota da ya yi ritaya, akwai likitan haƙori da ya fi son motarsa da haƙoran mutane. Ko da wace hira aka fara, da baƙin mai ake ƙarewa. Ni in miƙe kamar ina aji, in ce man sintetik ba ya tsinkewa in injin ya ɗau zafi, ba ya daskarewa da sanyin safiya, ba ya barin dauɗa. In kawo takardu, in kawo zane.

Shi kuma ya bari sai na gama, ya ce, “Malam, takardar nan taka a wane titi aka tuƙa ta? Ta taɓa tsayawa awa biyu a cunkoso? Ta taɓa shan gurɓataccen fetur?”

In ce, “Araha ba ta ado, Dubu Uku.”

Ya ce, “Tsada ma ba ta hana datti shiga. Ni ban ce manka ba shi da kyau ba. Cewa na yi mutumin da ya sayi mai da tsada ƙyashin zubar da shi yake ji. Sai ya bar shi ya yi baƙi ƙirin, yana ta yabon galan.”

Ku lura, sabuwar motar da kamfaninta ya ce sintetik take so, sintetik yake zuba mata ba musu. Gardamarmu a kan irin motocinmu ce, na masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka ga jiya suka ga yau.

Da surutu ya ishi jama'a, shekara goma sha uku da suka wuce, direban babbar mota ya ce gani ya kori ji. Muka sayi mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, a mako ɗaya, tasa fara tawa shuɗiya. Sharaɗin mai sauƙi ne. Shi zai riƙa zuba man da aka saba yana juye duk dubu uku, ni in zuba sintetik sau ɗaya a shekara. Duk wanda aka fara buɗe injinsa don gyara kafin kilomita dubu ɗari uku, ya faɗi. In duka biyun suka kai, a buɗe su rana ɗaya a gaban kowa, a ga wanda cikinsa ya fi tsabta.

Tawa ta cika dubu ɗari uku wata biyu da suka wuce. Tasa, ga ta can a lulluɓe, ta tsaya a dubu ɗari biyu da casa'in da ɗaya, don ciwo ya kwantar da mai ita. Shi ya sa majalisa ta ce tunda ɗaya ce ta kai, a buɗe ta ranar Asabar, in an same ta fes a rufe magana.

Shekaranjiya Injiniya ta same ni a gida. Ita ce babbar 'yarsa, ita ya bar wa garejin nan. Ta gaishe ni, sannan ta ce, “Baba Malam, ni ba zan zo ranar Asabar ba. Ba zan iya tsayawa a ce Baba ya faɗi ba, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Tun yanzu wasu sun fara cewa aikinsa na mutanen da ne.” Ta faɗa tana share ido da gefen mayafi. 'Yata, na ba ki haƙuri a ranar, na ce ki bar wa Allah. Ba haƙuri ya kamata in ba ki ba, gaskiya ya kamata in ba ki, kuma ga ta.

Jama'a, injina an taɓa buɗe shi. An buɗe shi shekara shida da suka wuce, an sauke shi ƙasa, an wargaza shi har ƙusa ta ƙarshe. Wanda ya buɗe shi kuma shi ne wanda muka taru dominsa.

Ga yadda aka yi. Saboda girman kai, ni nake yi wa motata juye da hannuna a ƙofar gida, don kada a ce Dubu Uku ya taɓa ta. Kun san filtar mai tana da zoben roba a bakinta. Rannan na kwance tsohuwar filta, zobenta ya manne a jikin injin ban lura ba, na ɗaura sabuwa a kai da nata zoben. Zobe biyu ke nan a wurin ɗaya. Na tayar, na leƙa, babu yoyo, na wanke hannu ina yaba wa kaina. Washegari da hantsi na hau babban titi zan je duba ƙanwata. Da injin ya ɗau wuta, man ya sami hanya tsakanin zoben biyu, ya tsiyaye a kwalta. Jar fitilar mai ta kama a gabana. Kun san abin da malamin kimiyya ya ce? Na ce waya ce ke wasa, irin wannan man ba ya ƙarewa. Na ƙara tafiya. Sai na ji ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa daga cikin bonet, sannan komai ya yi tsit.

Na tsaya a gefen titi, rana tana dukana, na duba lambobin da ke wayata daga sama har ƙasa. Kanikawa sun fi goma a ciki. Amma mutum ɗaya ne na san zai zo ba tare da ya tambayi nisa ba, kuma shi ne mutumin da na fi jin kunyar ya gan ni.

Ya zo da farar motarsa da igiya. Bai gaishe ni da dariya ba. Ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashi, ya kwance filtar, ya sa farce ya ɓanɓaro zoben na biyu. Ya fito ya buɗe mini tafin hannunsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, “Shi ke nan, Alhaji, ka ci. Ka kai ni gareji kowa ya gani.”

Ya ce, “Me na ci?”

Na ce, “Injina ya buga. Sharaɗi ya cika.”

Ya ce, “Malam, man ne ya kashe injin nan ko kai? Man da ke kwance a kan titi ta yaya zai yi aiki? In na kai ka gareji, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa sintetik ya kashe motar Malam. Kuma ƙarya ce. Ni shekara nawa ina faɗa da man nan, ban taɓa yi masa ƙazafi ba, ba kuma yau zan fara ba. In zan kayar da shi, da gaskiya zan kayar da shi.”

Na ce, “To ka faɗa musu ni ne na yi wauta.”

Ya ce, “Wannan ba nawa ba ne. Wautarka ce, kai za ka faɗe ta da bakinka ranar da ka shirya. Hau ka riƙe sitiyari, kuma kada ka manta da birki a gangara.”

Ya ja ni ta bayan gari, ta lungunan da ba mu da masani, har cikin gidansa. Ya tura motar bayan ɗakin girki, inda Hajiya take shanya. Kwana tara yana barin garejin nan da azahar, ya ce wa ma'aikatansa yana da aiki a gida. Bai yi ƙarya ba. Ni ne na yi, na ce wa majalisa surukina ya ari motar ya yi tafiya. Kayan da suka ƙone kawai ya canza, sauran ya wanke ya mayar. Da ya gama, ya miƙo hannu ya ce in ba shi galan ɗina. Da hannunsa ya zuba man da yake zagi kowace Asabar, ya duba geji sau biyu, sannan ya huda galan ɗin.

Na yi niyyar faɗa a Asabar ta farko, wallahi na yi niyya. Na zo na tarar ana raha, na ce bari sai mako mai zuwa. Bayan wata biyu likitan haƙori ya daki bonet ɗina ya ce, “Kun ga injin da ba a taɓa buɗewa ba!” Ban gyara masa ba. Wani karon da aka faɗa, na gyaɗa kai. Kafin shekara ta ƙare, ni da bakina nake faɗa, har ina ɗaga murya. Haka ƙarya take, ba ta shigowa da gudu.

Shi kuwa yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe, yana jina. Ya kurɓi shayi, ya dube ni ta saman kofi, ya ci gaba da gardamarsa ta ƙura da cunkoso kamar bai san komai ba. Kalma ɗaya ta ishe shi ya gama da ni. Ana yi masa dariya, ana cewa zamani ya wuce shi, maganin dariyar yana bakinsa, ya haɗiye. Asabar ɗari uku da wani abu, na lissafa.

Sau ɗaya tak ya taɓa tayar mini da maganar. Yana kwance a asibiti, na je duba shi, ɗakin ya rage daga ni sai shi. Ya ce, “Malam, kayan nan bai ishe ka ba? Ni fa ba don kaina nake faɗa ba. Na ga yana cin ka.”

Na ce, “Bari ka warke, ranar da ka dawo rumfa zan faɗa a gabanka.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Kai dai komai naka sai baɗi.”

Bai dawo rumfa ba. Wannan ita ce nadamar da zan shiga kabari da ita, cewa na hana shi jin wannan magana da kunnensa. Na yi kewarsa, jama'a. Na yi kewar mutumin da zai ce mini ban san komai ba, sannan ya tura mini kofin shayi.

Jiya na je wurin Hajiya, na durƙusa, na fara ba ta labari kamar wani sabon abu. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, “Malam, a bahon wa kake tsammani aka wanke kayan injin naka? Har yau in na zuba ruwa a ciki warin fetur yake.” Na tambaye ta me ya hana ta faɗa, ko bayan rasuwarsa, da ta ji ana rage masa daraja. Ta ce ya hana ta. Ya ce mata, “Ki bar shi, zai faɗa. Yana da nawa, amma yana isowa.” Hajiya, kin riƙe amanar mutum biyu, ta mijinki da ta wanda bai cancanta ba. Allah ya saka miki.

Saboda haka, shugaba, ga roƙona. In kun buɗe injina ranar Asabar kuka same shi fes, ba aikin sintetik kaɗai za ku gani ba, aikin hannun Dubu Uku za ku gani. A bisa sharaɗin da muka yi, ni na faɗi tun shekara shida da suka wuce. A bisa adalcinsa shi, ba a kayar da kowane mai ba tukuna. Ku zaɓi wanda za ku rubuta, amma kada alƙalami ya rubuta cewa shi ya faɗi. Har gobe ina nan a kan ra'ayina game da man sintetik, don na san in na sauka saboda ya mutu, ba zai yafe mini ba. Abin da na sauka a kai shi ne cewa na fi shi sani.

Injiniya, 'yata, ɗago kanki. Ki zo ranar Asabar, ki zauna a kujerar babanki. Duk wanda ya ce miki aikinsa na mutanen da ne, ki nuna masa shuɗiyar motar can da ke bakin ƙofa: kilomita dubu ɗari da arba'in ta yi bayan ya ɗaura ta a bayan ɗakin girki, ko tari ba ta taɓa yi ba. Kuma ina neman alfarma a wurinki da ƙannenki da babanmu, yayan marigayi. Farar motar saura mata dubu tara. Ku ba ni makullin in ƙarasa masa. Juye uku ne, zan sayi irin mansa da hannuna, in kawo ta nan duk dubu uku ba tare da na ƙara ko taku ɗaya ba. Filtar dai ke za ki ɗaura.

Ku ƙannenta, babanku bai bar muku gidaje a jere ba. Ya bar muku sunan da in kuka ambata a layin nan za a miƙe a ba ku kujera. Ku riƙe shi da kyau, ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe junanku. Mu 'yan rumfa muna nan, ko da yake yanzu kun san darajar alƙawarin ɗayanmu.

A madadin iyali da abokai, muna godiya ga malam liman da dattawa, ga kanikawan da suka rufe wuraren aikinsu suka zo, ga ma'aikatan asibitin da suka yi jinyarsa, da duk wanda ya tako ko ya aiko. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ka sa albarka a abin da ya bari. Ya Allah, ni shaida ne a kansa: shekara shida yana riƙe da asirina, tona shi ne zai ɗaga sunansa, amma ya rufe, ya bari ana yi masa dariya. Ya Ubangiji, kai ka fi shi iya rufin asiri. Ranar da za a buɗe cikin kowa a gaban kowa, ka rufa masa nasa.

Amin. Wassalamu alaikum.